Kalma Arba'in Zuwa Ƙarƙashin Teku

Jan biron Saje ya sauka a kan kalmar "masoyina" ya tsaya, kamar ƙudan da ya sami bakin kofi.

"Arba'in da ɗaya," in ji ta, ko kai ba ta ɗago ba. "Ƙanwata, ke da kalmomi ne abincinki, ke ce kuma kullum kike tsallake iyaka. Wacce za a yanka?"

Malama ta kara fuskarta da ragar tagar. A bayanta layi ne na matan sojojin ruwa da iyayensu, kowa riƙe da rabin takarda kamar masu jiran magani a asibiti.

"Yanke 'jiya'. Ki bar mini waccan."

"Na sani ai. Jiya ce kullum ke shan wuƙa." Saje ta ja layi, ta buga hatimi, ta jefa takardar a kwando. "Mai biye."

Ƙa'idar ofishin iyalai ba ta da tsawo. Mijin Malama yana cikin jirgin ruwa mai nutso, wanda zai yi mako goma sha biyu a ƙarƙashin teku ba tare da ya leƙo ba. Duk ranar Alhamis kowane gida yana da damar aika kalma arba'in. Saƙo yana tafiya, amsa ba ta dawowa, domin jirgin da ya yi magana ya tona inda yake ɓoye. Sannan ba a aika mummunan labari ga sojan da ya sa hannu cewa kada a faɗa masa sai ya fito. Mijinta, wanda mahaifiyarsa ke kira Auta har kowa ya ɗauka, ya sa hannun yana dariya.

"Me zan yi da labarin da ba zan iya tashi in bi shi ba?" ya ce mata a ranar. "Can ko ƙofa ba a buɗewa."

Kalmomin arba'in ɗin ma ba nata ba ne ita kaɗai. Tun tafiyarsa ta farko Inna, surukarta, wadda suke zaune tare a gida ɗaya, ta yanka rabonta.

"Wata tara na yi da shi a ciki, ke duka-duka shekara biyu kika san shi. Amma na bar miki talatin, don ku 'yan boko ba ku iya gajarta magana ba. Goman ƙarshe nawa ne."

Saboda haka duk safiyar Laraba, kafin Malama ta fita aiki, Inna takan zauna a kujerarta ta bakin taga, ta ɗaga yatsu tana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, Malama tana rubutawa. A makon farko na wannan tafiya ta ce: "Ka daina kwanciya da safa. Warin ƙafarka zai kashe kifaye." A na biyu: "Ka ci abinci sosai. Na gaji da ganin wuyan zalɓe."

"Inna, ko ɗan gaisuwa ba za a saka ba?"

"Gaisuwa aikinki ce, Mai-ƙamus. Ni na haife shi."

Malama takan yi dariya, amma abin yana sukarta. Ta girma cikin littattafai, haɗa ƙamus ne ma aikinta, ta yi imani cewa ƙaunar da ba a furta ba kamar wasiƙa ce da aka manta a aljihu. Kuma ba ta manta wata yamma ba, suna zaune a kan matakalar gida, da Auta ya ce, cikin wasa, "Kin san tun da nake Inna ba ta taɓa ce mini ɗan kirki ba? Ko da kuskure." Ya yi dariya, ya wuce zancen. Ita kuwa ta ɗauke maganar ta adana.

Aikin Auta a jirgin sauraro ne. Jirgin da ke ƙarƙashin ruwa ba shi da taga, da kunne yake gani. Awa shida yakan zauna da na'ura a kunne, yana rarrabe kukan manyan kifaye da motsin farfela, farfelar jirgin kaya da ta jirgin yaƙi. Abokan aikinsa Sarkin Kunne suke ce masa. Ko a gida haka yake. Daga takun matakala yakan san wa ke zuwa, ya kuma san ko da fushi aka taho. Ya taɓa cewa fankar falo saura kwana uku ta mutu, ta kuwa cika alƙawari.

A mako na uku aiki ya kawo Malama kan kalmar da take ta kauce wa. Kamfanin ɗab'in da take wa aiki ɗaki biyu ne a saman shagon masu faci, kullum warin roba yana hawowa ta taga. Shekara huɗu ke nan ita da wani dattijo da ake kira Edita suna harhaɗa ƙamus. Kowace kalma da katinta: ma'ana, asali, sai jimla ɗaya ta misali. Katin ranar yana ɗauke da sabmarin.

Edita ya dube ta ta saman tabarau. "In zai yi miki nauyi, miƙo shi."

"Zan iya, Malam."

Ta rubuta ma'ana: jirgin ruwa mai nutso, mai tafiya a ƙarƙashin teku. Ta kwashe wuni tana bin tsofaffin littattafai har ta kai ga asali. Da yamma ta tarar da Inna tana ɗinke wuyan wata tsohuwar rigar Auta, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta tana ba ta labari.

"Daga harshen Latin take, Inna, kuma kashi biyu ce. Rabin farko ƙarƙashi, rabi na biyu teku. Da can ma ba jirgi ake nufi ba. Duk abin da ke zaune a ƙasan ruwa da ita ake siffanta shi, ciyayi, duwatsu, halittun da ba su taɓa ganin rana ba. Can daga baya jirgin ya zo ya ƙwace sunan."

"Wato ciyawa suka mayar mini da ɗa."

"Saura jimlar misali. Na rasa me zan sa."

"Rubuta: tulun ƙarfen da ake zuba 'ya'yan mutane a toshe bakinsa."

Malama ta yi dariya har da riƙe ciki. Inna ba ta yi ba. Ta tsinke zaren da haƙori, ta daɗe tana kallon taga, inda babu komai sai bangon maƙwabta.

Larabar mako na huɗu Inna ta tashi da ciwon kai, amma ta zauna a kujerarta kamar kullum. Ta ji an ce a cikin jirgin, ruwan sha tsada yake yi, har sojoji sukan bar gemu ya yi yadda ya ga dama, kuma wannan labari ya tsaya mata a rai. Ta ɗaga yatsu.

"Ka aske wannan gemun. Kada ka dawo mini kamar bunsuru."

"Haba, Inna."

"Goma ne ko ba goma ba?"

"Goma ne."

"To tafi aikinki."

Da azahar wayar ofis ta yi ƙara. Yaya ce, babbar 'yar Inna, wadda ta leƙo gidan don duba jikin tsohuwar. Ta same ta a kujera, kanta a jingine da bango, rigar Auta a cinya, allura soke a wuyan rigar. Kafin rana ta faɗi an kai ta makwancinta.

Washegari gidan ya cika da masu gaisuwa. Malama ta sulale ta ƙofar baya, ta hau mota zuwa ofishin iyalai. Da Saje ta ga idanunta sai ta rufe tagar, ta shigo da ita ciki, ta saurara. Sannan ta jawo wata durowa ta zaro takardar da Auta ya sa wa hannu.

"Hannunsa ne wannan?"

"Nasa ne."

"To ni hannuna a ɗaure yake, ƙanwata. Za a sanar da Kyaftin ɗin jirgin, amma mijinki ba zai ji ba sai sun iso. Saura mako takwas."

"In na aika talatin kawai, zai gane."

"Zai gane."

Malama ta buɗe jaka ta fito da 'yar takardar jiya. Ga kalmomin nan goma da rubutun hannunta, tawadar ma kamar ba ta bushe ba. Ta karanta, ta sake karantawa. Bunsuru. A ce wannan ce kalmar ƙarshe da uwa za ta bar wa ɗanta, ta ratsa duhun teku ta same shi, ya riƙe ta har ƙarshen rayuwarsa? Zuciyarta ta ƙi. Ta ninke takardar ta tura ta bayan katin ƙamus, ta karɓi biron Saje. A ƙasan kalmominta talatin, inda ta cika da labarin ruwan sama da fankar da aka gyara, ta rubuta: "Ina kewarka, Autana. Allah ya yi maka albarka, ɗan kirki."

Saje ta ƙirga da bakin biro. "Arba'in cif. Yau ba abin yankawa." Ta daɗe riƙe da hatimin kafin ta buga.

Da Yaya ta ji abin da aka yi, sai ta ja Malama cikin kicin ta rufe ƙofa.

"Ke, mamaciya kika sa wa magana a baki?"

"Yaya, abin da ke zuciyarta na rubuta."

"Kin shiga zuciyar ne? Ni shekara arba'in ina bakin ƙofarta ban shiga ba." Ta juya baya tana goge tukunyar da ba ta da datti. Can ta ce, murya a dashe, "Ci gaba da rubuta masa. Ko ni da wani zai rubuto mini, da na karɓa."

Haka Malama ta zama mutum biyu. Duk safiyar Laraba takan zauna a kujerar bakin taga, ta ɗaga yatsu, ta lanƙwasa su kamar yadda Inna ke yi. Kalmomin suna zuwa mata da sauƙi, domin tun da daɗewa take so a faɗa masa su. Kai ne sanyin idona. Ban taɓa nadamar wahalar da na sha a kanka ba. Kowane mako muryar tana ƙara taushi, kowane mako tana kuka a kan takardar, amma tana jin wani irin daɗi mai ciwo, kamar mai biyan bukatar mutum biyu a lokaci ɗaya. Ta kan hango shi a can, a kan gadonsa mai kama da durowa, yana karantawa yana murmushi. Wannan hoton ne yake tashe ta da safe, shi ne kuma yake kai ta bakin tagar Saje.

Katin kalmar kuwa ya zauna a jakarta, layin misali fayau. Edita bai tambaya ba. Ya tsallake shi ya ci gaba da kalmomin gaba, ya bar gurbinsa a akwati. Wani lokaci, tana tsakiyar titi, mutane suna ciniki suna dariya, sai ta ji kamar ita ce a ƙarƙashin ruwan, tana tafe da labari a rufe a cikinta, ba ta da ikon yin motsin da za a ji.

A mako na goma sha ɗaya ta roƙi Saje alfarma ɗaya: a gaya wa Kyaftin ya bar mata, ita za ta faɗa wa Auta da bakinta. Aka amince.

Jirgin ya iso da hantsi. Baƙi ƙirin, ba taga ba ado, ruwa yana zuba daga bayansa. Aka buɗe murfin sama, maza suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, fatarsu ta koɗe, suna runtse ido da hasken da suka manta. Yara suna tsalle, mata suna ɗaga hannu. Malama tana maimaita jimlar da ta yi mako takwas tana gogewa, har ta hango shi. Ya rame. Gemu ya cika masa fuska har wuya.

Ya iso gabanta ya ajiye jaka. Warin man inji da na rufaffen ɗaki ya bugi hancinta. Ya kama hannayenta biyu, ya kai duba sau ɗaya bayan kafaɗarta, gefen turken da Inna ta saba tsayawa da lema tana ƙorafin rana. Sannan ya dawo da idonsa kanta.

"Mako na huɗu ne, ko?"

Jimlar da ta shirya ta watse.

"Wace rana?"

"Laraba."

"Ta sha wahala?"

"A'a. A kujerarta. Tana ɗinka maka riga." Ta dube shi. "Kyaftin ne ya faɗa maka? Sun yi mini alƙawari."

"Ba wanda ya faɗa mini komai, Malama. Sauraro ne aikina." Muryarsa a ƙasa take, irin ta wanda ya saba magana inda ba a son ƙara. "Injin da ka yi shekara talatin kana jin ƙararsa, ranar da ya yi laushi ka san ba shi ba ne. Ɗan kirki. Sau ɗaya na karanta. Na hau gadona na ja labule."

"Me ya sa ba ka tambayi Kyaftin ba?"

"In na tambaya zai faɗa mini. In ban tambaya ba, akwai sauran Alhamis." Ya ɗan murmusa, gemun ya motsa. "Mako takwas ina jira ko za ta zage ni. Da zagi ɗaya ya zo, da na ce kunnena ne ya yi kuskure."

Ya jawo Malama ya riƙe ta. Kewaye da su ana ta rungume-rungume da ɗaukar hoto, wata yarinya tana jan gemun babanta tana ƙyalƙyala dariya.

"So na yi in ba ka abin da ba ka taɓa samu ba," ta ce cikin kuka. "Na ɗauka kana can kana jin daɗi."

"Na sani. Muryarki ce, tun kalmar farko na gane ta. Ban jefar da ko ɗaya ba, suna nan a aljihu." Ya share mata hawaye da bayan hannu. "Mu je gida."

A mota Auta yana ta kallon itatuwa da shaguna kamar baƙo. Da suka hau matakalar gidan ya tsaya a mataki na ƙarshe, sannan ya tura ƙofa.

Ɗakin Inna yana nan yadda ta bar shi. Yaya ta share, amma ba ta taɓa kujerar ba. Rigar tana kan hannun kujera, allurar tana soke a wuyanta, zaren yana lilo. Auta ya ɗauke ta ya duba ɗinkin da ya tsaya a rabi, ya mayar a hankali.

"Ba ta bar mini wata magana ba?"

Malama ta tsaya a bakin ƙofa. Ta san za ta iya cewa a'a, ta kuma san zai ji a muryarta. Ta buɗe jaka, ta zaro katin ƙamus, ta fito da 'yar takardar da ke bayansa, wadda ninki ya fara cinye ta.

"Da safen ranar ta faɗa. Ni ce ban aika ba. Na ga kamar bai dace ya zama shi ne na ƙarshe ba."

Ya karɓa ya matsa kusa da taga. Ta ga leɓɓansa suna motsi, ta ga yatsun hannunsa na hagu suna lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya, sannan suka miƙe suka sake lanƙwashewa, har goma. Dariya ta kufce masa, guda ɗaya, ta karye a tsakiya. Ya kai hannu ya shafa gemun.

"Wannan ita ce," ya ce. "Wannan kam ita ce."

"Ka yafe mini."

"Da kin aiko shi, da na ƙara mako guda ina da..." Bai ƙarasa ba. Ya ninke takardar bisa tsohon ninkinta, ya sa a aljihun ƙirji, daban da sauran. "Ina rezata?"

"Tana inda ka bar ta."

Ya fita. Jim kaɗan ta ji famfo ya buɗe. Ta zauna a bakin gadon Inna da katin a hannu, tana kallon layin da ba ta cike ba. Ƙarƙashi. Teku. Ta ɗauki biro, ta riƙe shi har ruwan ya tsaya, ba ta rubuta komai ba.

Ya dawo fuska fes, haɓarsa ta fi goshinsa haske, da ɗan yanka a ƙasan kunne yana tsattsafo da jini. Ya ɗauki rigar da ba a gama ɗinkewa ba ya sa, wuyan yana reto gefe ɗaya. Bai dubi Malama ba. Ya je gaban kujerar bakin taga ya tsaya, hannuwa a baya, ya ɗan karkata kai, yadda yakan yi idan yana sauraro.